Gashina siriri ne, kuma yana ta zuba tun da na haihu: wane shamfu zan saya?

Assalamu alaikum Anti. Daga Argungu nake rubuto miki. Shekarata 27, wata 5 ke nan da haihuwata ta fari. Tun ina yarinya gashina siriri ne mai laushi irin na mahaifiyata, yana da ɗan tsawo amma ba shi da cika. Tun da yaron ya shiga wata na uku gashin ya fara zuba. In na tsefe kai sai in tara dunƙule guda a hannu, gaban goshina kuma ya fara ja baya, musamman gefe da gefe. Hajiyar maigidana ta ce in bar shamfu kwata-kwata, in koma sabulun salo, in riƙa shafa man shanu da man kaɗanya da yawa. Na bi maganarta wata guda, sai kan ya riƙa danƙo, gashin ya kwanta, ga ƙaiƙayi. Wata ƙawata tana sayar da shamfun da take haɗawa da kanta, naira 15,000 roba ɗaya, ta ce cikin mako 2 gashi zai fito. Ƙanwar maigidana ce ke yi mini kitso, ƙanana take yi masu kyau, sai dai nakan yi kwana biyu ban iya ɗora kai a filo ba, kuma ina jin nauyin gaya mata. Rannan maigida ya ce, "Wai ina gashin nan naki ya tafi?" Da dariya ya faɗa, amma na kwana ina kuka. Anti, wane shamfu zan saya da zai dawo mini da gashina?

Maman yaro, Argungu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raya mana yaron, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kukan da kika yi na fahimce shi. Ga rashin barci, ga jiki bai gama komawa daidai ba, kullum kuma ki duba mataji ki ga gashinki a ciki. A irin wannan hali, maganar da aka yi da wasa ma zama take yi a zuciya. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana yawancinsa mai wucewa ne.

Zan gaya miki gaskiya tun daga farko don kada kuɗinki ya tafi a banza: babu shamfun da zai fito miki da gashi. Aikin shamfu wanki ne. Minti biyu ko uku yake yi a kai a ɗauraye shi, shi kuwa gashi daga can ƙarƙashin fata yake tsirowa. Amma abin wankin da bai dace ba yana iya busar da siririn gashi ya kakkarya shi, don haka tambayarki tana kan hanya, kuma zan amsa miki ita dalla-dalla. Sai dai akwai abu biyu a wasiƙarki da suka riga shamfu.

Na farko shi ne haihuwar. Kowane silin gashi yana da zamaninsa. Yana girma na wasu shekaru, ya tsaya ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi wani ya fito a gurbinsa. Mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum cikin kusan 100,000 da ke kansa, bai ma sani ba. Lokacin da kike da ciki, sinadaran da ke ƙaruwa a jikin mai juna biyu sun riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mata da yawa ke ganin kansu ya cika a watannin ƙarshe. Da kika sauka sinadaran suka koma yadda suke, sai duk gashin da aka riƙe ya shiga hutu lokaci guda, bayan wata 2 zuwa 4 ya fara zuba tare. Kin ce a wata na uku ya fara, kin ga lissafin ya zo daidai. Yawancin mata zubar tana lafawa da kanta, kafin yaro ya cika shekara kan ya fara komawa yadda yake. Nonon da kike bayarwa ba shi ya jawo ba, kada wani ya sa ki yi tunanin yaye.

Dunƙulen da kike tarawa ranar tsifa ma yana da bayani. Gashin da ya faɗi a cikin kitso ba shi da hanyar fita, a nan yake maƙale. In kitso ya yi mako 2, ko macen da ba ta haihu ba za ta iya tara sili 700 zuwa 1,400 a zama ɗaya. Ki ɗauki 'yan silin ki duba a haske. In kin ga dogo ne, da ɗan farin kai a gindinsa, wannan faɗuwa ya yi daga tushe, kuma wani na nan tafe. In kuwa gajeru ne, guntu-guntu, babu farin kan, wannan karyewa ce, kuma ita ce ke da alaƙa da abin da kike wanke kai da shi da yadda kike taje shi.

Abu na biyu shi ne ya fi damuna, wato kitson. Kitson da zai hana ki ɗora kai a filo kwana biyu ya yi tsauri fiye da kima, komai kyansa. Gashin gaban goshi da na gefen kunne shi ne mafi rauni a kai, naki kuma dama siriri ne, ga shi yanzu jego ya sassauta shi. Kamar shukar da ake kamawa ana ja kullum ce: da farko takan jure, daga baya saiwar ta saki. Zubar jego tana dawowa da kanta. Wadda jan kitso ya jawo tana dawowa ne kawai in an daina jan da wuri. In aka yi shekaru ana yi, ramin gashin yakan toshe, wurin ya yi sumul yana sheƙi, daga nan kuma babu mai ko shamfun da zai tayar da shi. Duk mun san mata manya da goshinsu ya kai tsakiyar kai, ana cewa tsufa ne, alhali tun suna 'yan mata aka fara ja. Alamun da za ki kula da su: ciwon kai bayan kitso, ƙananan ƙuraje a bakin layi, fata ta ɗago tana bin kitson, ko ki ji girarki ta ɗan ja sama.

Ƙanwar maigidanki ba mugunta take yi ba. Mai kitso tana ja ne don aikinta ya fito tsaf ya daɗe, kuma tun da ba ki taɓa magana ba, tana ganin kina jin daɗinsa. Tsakanin matar wa da ƙanwar miji ai akwai wasa, ki bi ta nan. Kafin ta sa hannu a kanki, ba bayan ta yi rabi ba, ki ce mata, "Ƙanwata, kan nan nawa tun da na haihu ba ya ɗaukar ja. Yi mini manya guda shida ko takwas, ki sassauta hannu, na gaban goshin nan ki bar mini su. In ya dawo sai mu koma ƙananan naki." Kin ɗora abin a kan haihuwa, ba ki kushe hannunta ba. In ta manta ta ja, ki ce wayyo a lokacin, kada ki daure. Ki bar ƙarin gashi da zare a wannan tsakanin, ki kuma riƙa barin kan ya huta kwana biyu ko uku tsakanin tsifa da sabon kitso. In kina shafa man miƙar da gashi, ki ajiye shi har zubar ta tsaya, domin gashin da aka miƙar ya fi saurin karyewa da tsigewa a kitso.

To, mu zo kan shamfu. Siririn gashi yana da hali biyu da ke karo da juna. Ba ya ɗaukar nauyi, abu kaɗan mai maiƙo sai ya kwanta ya manne, kan ya yi kamar babu gashi. Kuma ba ya jure wanki mai ƙarfi, nan da nan ya bushe ya karye. Saboda haka abin da kike nema shi ne shamfu mai wankewa a hankali wanda ba ya barin komai a baya.

Ki juya robar ki karanta bayanta, kada ki tsaya a hoton macen da ke gaba. Ana jera abubuwan da ke ciki ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka biyar na farko su ne shamfun. In kin ga sodium lauryl sulfate ko ammonium lauryl sulfate a sahun gaba, wannan mai ƙarfi ne, kumfarsa da yawa, yana kwashe maiƙon kai tas. Bai dace da wankinki na kowane mako ba. Sodium laureth sulfate ya fi shi sauƙi, musamman in an haɗa shi da cocamidopropyl betaine, kuma irin wannan haɗin shi ne ya fi yawa a kantuna a farashi mai sauƙi. Waɗanda ba su da sulfate ko kaɗan sun fi taushi, sai dai sukan fi tsada kuma kumfarsu kaɗan ce. Ƙarancin kumfa ba ya nufin kan bai fita ba. In kin ga panthenol ko furotin ɗin alkama, shinkafa ko siliki a jerin, alheri ne, domin suna ɗan lulluɓe silin ya yi kauri a hannu har zuwa wanki na gaba. Ki guji wanda aka haɗa shamfu da kwandishana a roba ɗaya, da wanda dimethicone ko mai iri-iri suka zo a farkon jerinsa, don su ne ke kwantar da siririn gashi. Wata 'yar dabara a kanti: shamfun da kike hango haske ta cikinsa yawanci ya fi mai kauri fari kamar madara rashin nauyi. Ki tabbata akwai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma fara da ƙaramar roba.

Za ki ci karo a intanet da shawarar cewa mai siririn gashi ta riƙa wanke kai kullum da shamfun ƙara cika. Wannan don gashin Turawa aka yi ta, mai santsi, wanda maiƙon kai ke gangarowa a kansa cikin kwana ɗaya. Namu mai lanƙwasa ne, maiƙon ba ya kaiwa ƙarshensa, ga hunturun Kabi da ke busar da komai. Sau ɗaya a mako ya ishe ki, ko duk kwana 10 in sanyi ya yi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kai yana cikin ɗankwali da hijabi yini guda, kada ki wuce mako.

Yadda ake wankin ya kai zaɓen shamfun muhimmanci. Bayan tsifa, kada ki zuba ruwa sai kin fitar da gashin da ya faɗi da yatsu, sannan da mataji mai manyan haƙora, kina farawa daga ƙarshe zuwa tushe. In kika jiƙa shi da tarin gashin a ciki zai cukurkuɗe, a nan ake asarar da ta fi yawa. Ki raba kan gida huɗu. Ki zuba shamfu kamar cokali ɗaya a kofi, ki ƙara ruwa ki kaɗa, ki zuba a fatar kai, ki murza da tsokar yatsu ba da farce ba. Kada ki tattara gashin sama kina cuɗawa. Kumfar da ke gangarowa ta isa ta wanke tsawonsa. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, ba irin na wankan jego ba. Bayan ɗauraya ki shafa kwandishana kaɗan daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, ban da fatar kai, ki taje a hankali yana ciki, ki ɗauraye. Ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi maimakon goga tawul. Sannan ki bari ya bushe sarai kafin kitso ko ɗaura ɗankwali, domin kai mai danshi a rufe shi ke kawo wari da ƙaiƙayi.

In ruwan rijiya ko na burtsatse kuke amfani da shi, ki duba cikin tukunyar da kuke dafa ruwa. In tana yin farin ɓawo, kuma sabulu ba ya saurin kumfa, ruwanku mai nauyi ne. Irin wannan ruwan in ya haɗu da sabulu yakan bar wani danƙo a gashi wanda ɗauraya ba ta fitarwa. Cokali ɗaya na khal (vinegar) a cikin lita ɗaya ta ruwa, a yi ɗaurayar ƙarshe da shi sau ɗaya ko biyu a wata, yana taimakawa.

Wannan ya kawo mu maganar Hajiya. Abin da ta ba ki shi ne abin da ta gani ya yi wa mata aiki, kuma ga mai gashi mai kauri da ƙarfi man kaɗanya abu ne mai kyau. Kanki ne bai karɓa ba, kuma akwai dalili. Fatar kai da gashi suna da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin da ake kira pH yana wajen 5, shi kuwa sabulu, har da na salo da ake yi da toka, yana kaiwa 9 ko 10, wato ba shi da tsami, ɓangaren kanwa yake. Wannan yana buɗe ɓawon silin gashi ya sa shi kaushi, sai ki ji kina buƙatar ƙarin mai, man kuma ya tara ƙura ya kwantar da gashin, ki sake komawa ga sabulu. Ƙaiƙayin ma ba mamaki daga nan yake, don amosanin kai yana son maiƙo. Yanzu sai kin fara fitar da abin da ya taru: wanki ɗaya da shamfu mai ƙarfin nan da na ce ki guje wa, ki wanke sau biyu a zama ɗaya, sannan ki koma mai taushin. Daga nan mai ya zama ɗigo uku ko huɗu na man zaitun ko na kwakwa, a murza a tafin hannu a shafa a ƙarshen gashi yana da ɗan danshi. Man kaɗanya ɗan lakuce a bakin gashi lokacin hunturu ya wadatar. In ƙaiƙayi da farin garin ba su tafi ba bayan mako 3, akwai shamfun magani mai ketoconazole a kemis, ana barinsa minti 5 a kai kafin a ɗauraye. Ki gaya wa mai ba da maganin kina shayarwa.

Ba sai kin ce wa Hajiya shawararta ba ta yi ba. Akwai abu a hannun iyayenmu da ya dace da kanki ƙwarai, shi ne karkashi. In aka jiƙa garinsa a ruwan ɗumi ya yi yauƙi aka tace, yana sa gashi santsi, mataji ya wuce ba tare da tsiga ba, kuma ba shi da nauyi. Ganyen magarya da aka daka ma yana wanki a hankali. Ki je ki same ta ki ce, "Hajiya, man nan ya yi wa kaina nauyi, ko za ki nuna mini yadda kuke haɗa karkashin wanke kai?" Ina kyautata zaton za ta ji daɗi, ta ga kin nemi iliminta. Sai dai kada ki sa kanwa a ciki, ita ma tana busar da gashi kamar sabulu. In aljihu bai ba da damar sayen kwandishana ba, karkashin zai tsaya a madadinsa, kuma shamfun jarirai da wataƙila yana cikin kayan yaronki zai iya riƙe ki kafin ki samu naki, muddin ba ki cika wa kan mai ba.

Ƙawarki kuma neman halal take yi, wataƙila ma ta yarda da abin da take faɗa. Amma gashi kusan santimita 1 yake yi a wata, babu abin da zai cike goshi cikin mako 2. Kuma roba ce da ba ki san abin da ke ciki ba, ga jinjiri da ke kama gashinki yana kai hannu baki. Akwai wani abu da nake so ki lura da shi: in kika saya yanzu, nan da 'yan watanni gashin jego zai dawo da kansa, ke da ita ku ɗauka shamfun ne, ki ci gaba da biyan 15,000. Ki ce mata kin gode, yanzu kina bin wata hanya tukuna. Zumunci ba zai lalace a kan wannan ba.

Kuɗin nan ya fi amfani a gwajin jini da cefane. Haihuwa tana tafiya da jini, shayarwa tana cin jiki, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana tsawaita zubar gashi. Ranar da za ki kai yaro rigakafi, ki nemi a auna miki jini. In kina jin jiri, kasala, bugun zuciya, ko kin ga wuyanki ya ɗan kumbura, ki faɗa, don a duba har da maƙoƙo, wanda kan taɓu bayan haihuwa. A abinci, kifi bai yi muku wuya a Argungu ba. Ki haɗa da hanta, ƙwai, wake, zogale da alayyahu, ki matsa lemun tsami a kwaɗo don yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen, shayi kuma ki jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci don yana hana shi shiga. In kin ga wuri ya yi fili zagaye kamar kwabo, ko ƙuraje masu ruwa, ko ɓawo da guntayen gashi irin na makero, ko zubar ta wuce shekara ba ta lafa ba, wannan aikin likitan fata ne. Ki nemi a tura ki Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na tarayya. Akwai maganin shafawa mai suna minoxidil da likitoci ke bayarwa, amma kada ki saya da kanki kina shayarwa.

Shi kuwa maigida, ina ganin bai san maganarsa ta kai inda ta kai ba. Maza da yawa ba su taɓa jin cewa haihuwa tana zubar da gashi ba. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, hankali kwance, ki ce masa, "Maganar gashin nan da ka yi rannan ta taɓa ni, don dama abin yana damuna. Haihuwa ce ta jawo, kuma zai dawo." Sannan ki ba shi abin yi: ya kai ki gwajin jini, ya riƙa shigowa da hanta ko kifi. In kuma kin ga kukan yana yawaita, ba kya jin daɗin komai, barci ba ya zuwa ko yaro ya yi barci, kada ki ɓoye. Ki gaya masa, ki gaya wa ma'aikaciyar asibiti, domin wannan ma yana samun masu jego kuma ana maganinsa.

Ki duba hular da kike sawa a ƙarƙashin hijabi. In robarta tana barin shaida a goshi, ki canza ta da mai santsi wadda ba ta matsewa, ki kuma riƙa sauya inda kike ɗaure ɗankwali. Yau ki ɗauki hoton gaban goshinki da gefe biyu a hasken rana, ki maimaita ranar ɗaya ga kowane wata a wuri guda, don madubin kullum ba ya nuna canji. Abin da za ki fara gani shi ne ƙananan gashi masu laushi suna tsaye a bakin goshi. Kada a kama su a kitso, kada a danne su da man kwantar da gashi. Bayan wata 3 ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da gwajin jinin ya nuna da yadda kuka yi da ƙanwar maigida. Ki gaida Hajiya.